Iya Ruwa Fid Da Kai: Ina Rabon 'Ya'yan Ƙasar Ruma?

A ƙasashen da suka san darajar ƙuruciya, dogon hutun makaranta lokaci ne na wani karatun dabam. A Amurka, a wani tsibiri na jihar Fulorida mai suna Big Pine Key, akwai sansanin da ake kira Seacamp, wanda tun shekarar 1966 yake tara samari da 'yammata 'yan makaranta a koya musu iyo da tuƙin jirgin ruwa da nutso da tulun iska a goye, su shiga ƙarƙashin teku su ga kifaye da murjani da idanunsu, sa'an nan su fito su zauna gaban madubin likita su duba abin da suka ɗebo. Haka nan makarantun nutso suna nan birjik a gaɓar Bahar Maliya ta ƙasar Masar. Kuɗin shiga irin wannan sansani dubban daloli ne, saboda haka a ƙasarmu sai ɗan wane da wane ke iya leƙa shi.

Duk inda aka ta da wannan zance a tsakanin 'yan bokonmu, amsar guda ce, watau dariya. Wai me ya haɗa Bakatsine da teku? Wai mutumin Batsari ko Safana, wanda ɓarayin daji suka hana shi barci, taki ya gagare shi saye, ina shi ina nutso? To, da masu wannan dariya muke a wannan takarda, da kuma mahukuntan da dariyar ta yi wa daɗi domin ta sauke musu nauyin da ke wuyansu. Matsayinmu a fili yake: ɗan talakan ƙasar Ruma ya fi ɗan Fulorida bukatar ilmin ruwa nesa ba kusa ba, domin shi wancan sha'awa ke kai shi bakin ruwa, namu kuwa tilas ke kai shi, kuma sau da yawa ba ya komowa.

Gawawwakin da ba a ƙirgawa

Bari mu fara da abin da ba ya ba kowa dariya. Ran 30 ga Nuwamba 2021, wani kwale-kwale ya tashi daga ƙauyen Badau zai ƙetare madatsar ruwan Watari zuwa Bagwai a jihar Kano, an loda masa mutane fiye da ƙima, galibinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Ya kife, aka tsamo gawa aƙalla 29. A watan Afrilu 2022, a ƙasar Shagari ta jihar Sakkwato, mutum 29 suka halaka cikin ruwa a hanyarsu ta neman itacen girki. Wata guda bayan haka, cikin hidimar ƙaramar Salla, jirgi ya kife a ƙasar Mai'aduwa a nan jiharmu ta Katsina, fiye da mutum goma suka mutu, yawancinsu yara. Da shekara ta zagayo, a watan Mayu 2023, a ƙasar Shagarin dai, yara 15 suka bi sahun na farko, su ma itace suka tafi nema. Ba mu manta da ambaliyar Jibiya ta watan Yuli 2018 ba, wadda ta ci fiye da mutum arba'in cikin dare ɗaya.

Waɗannan su ne waɗanda rediyo ta faɗa, domin sun mutu da yawa a lokaci guda. Amma akwai wani ƙidaya wanda babu mai riƙe da littafinsa: yaro ɗaya a kududdufin bayan gari, biyu a ramin da 'yan kwangilar hanya suka haƙa suka kwashe jar ƙasa suka tafi abinsu, wata yarinya da rafi ya ja tana komowa daga kai abinci gona. A yi musu salla, a rufe, a ce kwana ne ya ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na watan Disamba 2024, ta ƙiyasta mutum dubu 300 ruwa ya ci a duniya cikin shekarar 2021 kaɗai, ta kuma nuna cewa in aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce kan gaba. Abin ya kai har Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 25 ga Yuli na kowace shekara, tun 2021, domin yaƙi da mutuwar ruwa. Ku dubi wannan rana da kyau, 'yan'uwa ɗalibai. Ta faɗo daidai lokacin da makarantunmu ke rufewa don dogon hutu, daidai lokacin da damina ta kankama, kowane rami ya cika ya batse. Watau mukan saki yara dubbai ba tare da abin yi ba a cikin makonnin da ruwa ya fi yawa da haɗari, ba mu koya wa ko ɗayansu yadda zai fid da kansa ba.

An kawo ruwa, ba a kawo ilminsa ba

Kakanninmu na ƙasar Ruma, ƙasar su Ɗan Waire, mahaya ne da manoma da makiyaya. Ruwan da suka sani shi ne na rijiya da na rafin da ke gudu wata uku ya ƙafe. Ba laifinsu ba ne da ba su gadar mana da iyo ba. Gwamnati ce ta zo ta sāke fasalin ƙasar. A shekarar 1983, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, aka gama madatsar ruwan Zobe a kan kogin Karaduwa kusa da Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana, mai iya riƙe ruwa fiye da mita kubik miliyan 170. Daga baya aka yi ta Jibiya a kan kogin Gada, arewa da Batsari. Aka wayi gari ga tafkuna manya-manya a tsakiyar mutanen da ba su taɓa ganin ruwan da ya shanye tsawon mutum da rani ba.

To, me aka haɗo da wannan ruwa? An biya 'yan kwangila, an yanka ƙyalle, an ɗauki hoto. Ruwan famfon da aka yi alkawari daga Zobe sai a watan Yuli 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi, shekara 38 bayan gama madatsar. Wanda ya ɗauki shekara 38 kafin ya ja ruwan sha zuwa gari, yaushe zai tuna da malamin iyo? Wannan tsohuwar ɗabi'a ce ta masu gina madatsu a ƙasar Hausa, ana yin aikin a kan talaka ba tare da an dube shi ba. Mutanen Bakalori sun ga iyakar wannan ɗabi'a a watan Afrilu 1980, lokacin da manoman da ke neman diyyar gonakinsu suka sha harsashin 'yan sanda. Mu a ganinmu, duk hukumar da ta tara ruwan da zai iya cin mutum a bakin ƙauye, ta ci bashin koya wa 'ya'yan ƙauyen nan yadda za su zauna da shi, kuma bashin nan yana kan Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima da gwamnatin jihar Katsina har ran da za su biya.

Wai me ya haɗa Bakatsine da teku?

Yanzu mu komo kan tambayar masu dariya. Su ɗauko taswira su bi ruwan da ya sauka a ƙasar Ruma da yatsa. Wanda ya gangara Karaduwa zai faɗa Bunsuru, Bunsuru ta kai shi gulbin Rima. Wanda ya bi Gada zai wuce Jibiya ya shiga ƙasar Nijar, a can a kira shi gulbin Maraɗi, ya kewayo ya komo Nijeriya ya tarar da ɗan'uwansa a Rima. Daga nan sai Goronyo, sai Sakkwato, sai Argungu, sai kogin Kwara, ya ratsa Kainji da Jaba da Lakwaja ya zube cikin tekun Atalantika. Iskar damina da ke kawo mana hadari kuwa daga kan tekun nan take tasowa. Manomin Batsari da bai taɓa ganin teku ba, da tururin teku yake noma geronsa.

Bugu da ƙari, tekun ma ya taɓa zama a ƙasar Hausa. Shekaru fiye da miliyan 60 da suka wuce, wani reshen teku ya ratsa inda Sahara take a yau ya malale ƙasar Sakkwato. Farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da ita, a ƙarƙashin wannan teku ta taru. A duwatsun yankin an tono ƙasusuwan wata dabbar teku mai kama da ƙaton kada, wadda masanan Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a shekarar 1972, don tunawa da Goronyo. Turawa sun zo daga Turai sun tone tarihin teku a ƙofar gidanmu sun kai gidajen ajiyarsu, mu kuwa muna zaune muna tambayar me ya haɗa mu da teku!

Sa'an nan akwai maganar rabo. Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 850 da 'yan kai. Tana da Cibiyar Binciken Teku a Ikko tun 1975, da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi a Sabuwar Busa wadda ta samo asali daga aikin binciken tafkin Kainji na 1968, da kwalejin horar da ma'aikatan jiragen ruwa a Oron. A watan Agusta 2023 har ma'aikata sukutum aka kafa don harkokin teku da arzikinsa. Da kuɗin ƙasa ake tafiyar da waɗannan duka, kuɗin da Bakatsine ke da haƙƙi a cikinsa. Mun ga Murtala Nyako daga Adamawa da Awwal Zubairu Gambo daga Kano sun shugabanci rundunar sojan ruwa, saboda haka ba a rubuta a goshin ɗan Arewa cewa shi da teku sai kallo ba. Amma yaron da aka tashe shi da tsoron kududdufi, aka yi masa dariya ran da ya yi tambaya a kan teku, ta yaya zai cika takardar neman shiga waɗannan wurare? Gobe kuma mu ne za mu fito muna kukan an danne mu a rabon mukamai.

Ilmin da ke cikin kududdufi

Kimiyyar halittun ruwa ba sai an je teku ake fara ta ba. Kwalba ɗaya ta ruwan tafki da madubin likita sun isa su buɗe wa yaro ido har abada. Iyayenmu sun san kurkunu, sun san yadda yake kwantar da magidanci daidai lokacin noma. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu fiye da dubu 600 a Nijeriya cikin shekara guda. Ba allura ce ta kashe shi ba, domin ba shi da allura. Abin da aka gano shi ne, ƙwayar cutar tana zaune cikin wani ɗan mitsitsin ƙwaron ruwa da ido ba ya cika gani, in aka tace ruwan sha da ƙyalle mai ƙananan ƙofofi, aka hana mai ciwon tsoma ƙafarsa a tafki, cutar ta rasa hanya. Da wannan sani aka bi ƙauye ƙauye, Janar Yakubu Gowon yana cikin jagororin yaƙin, har aka ga mutum na ƙarshe da ya kamu a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta shaida a watan Disamba 2013 cewa Nijeriya ta rabu da kurkunu. Wannan fa shi ne ilmin da ake ce mana kayan alatu ne.

Tsargiya kuwa tana nan. Akwai ƙauyukan da ake ɗaukar fitsarin jini alamar yaro ya fara zama namiji, alhali kuwa tsutsa ce, wadda wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin wata 'yar ƙaramar katantanwa, ya hayayyafa a can, ya fito ya huda fatar duk wanda ya shiga wanka ko wanki. Madatsar ruwa da magudanan noman rani su ne gidan da katantanwar nan ta fi so. Ɗan sakandaren da ya iya gane ta a bakin tafki, ya san ƙwayar praziquantel tana maganin ciwon, ya fi wa ƙauyensu amfani bisa ga tarin jawaban da ake karantawa ran buɗe asibiti.

Ga kuma kifi. Hausawa suna cewa gaiwa jikinta take ci, kimiyya kuma ta gaskata su: in tafki ya ƙafe, gaiwa takan shige cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙi, tana numfashi da huhu kamar mu, tana rayuwa da tsokar jikinta har ruwa ya komo. Wane darasi ne a littafin Turawa ya kai wannan daɗi? Tarwaɗa da karfasa da kurungu da minjirya mai wutar lantarki a jika, kowannensu babi ne guda. Yaron da ya san lokacin da karfasa ke ƙwai zai gane dalilin da ya sa koma mai ƙananan idanu ke talauta masunci da kansa, zai kuma gane cewa mai zuba Gamalin a ruwa don ya kwashi kifi, guba yake sayar wa mutane a kasuwa. Hukumomi da bakinsu suna faɗa cewa ƙasar nan tana bukatar kifi fiye da tan miliyan uku a shekara, abin da take samarwa bai wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba, sauran sai an sayo daga waje da kuɗin musaya. Ga Zobe kwance, ga samari zaune a gindin bishiya, ga kifin ƙanƙara daga Turai a kasuwar Katsina. Wannan lissafi wa ya amfana in ba masu lasisin shigo da kaya ba?

Maganar tulun iska

Nutso kansa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Sarkawan Kabi da Yawuri sun gaji shiga ƙarƙashin ruwa kaka da kakanni. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, ana gasar iyo da nutso da tseren kwale-kwale da kamun agwagwar ruwa. Abin da Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙara a 1943 shi ne na'urar da ke shayar da mai nutso iska daga tulu daidai da matsin ruwan da ke kewaye da shi, ta yadda zai daɗe a ƙasa yana aiki maimakon minti ɗaya ko biyu.

Wannan na'ura ba abin wasa ba ce, kuma ba mu ce a goya wa yara ita a jefa su cikin Zobe ba. Kowane zurfin mita goma yana ƙara wa jiki matsi daidai da nauyin iskar sararin sama gaba ɗaya. Iskar da mutum ya shaƙa a zurfin mita goma takan ninka girmanta sau biyu kafin ya iso sama, don haka wanda ya riƙe numfashi yana tasowa, huhunsa na iya fashewa. Wanda ya daɗe a zurfi ya taso da gaggawa kuwa, iskar da ta narke cikin jininsa takan yi kumfa kamar an buɗe kwalbar lemo, ta shanye masa gaɓoɓi ko ta kashe shi. Shi ya sa ƙungiyoyin nutso na duniya ba sa barin yaro ɗan shekara goma ya wuce zurfin mita 12, ko a ruwa garau mai malami a gefe. Ruwan madatsunmu kuwa jawur yake da damina, ga kututturan itatuwa a ƙasa, ga bakin bututun da ke zuƙar ruwa.

Amma a tambayi kai: ran da jirgi ya kife, wa ke shiga? Masunta ne, da numfashin ƙirjinsu kawai, su yi ta lalube cikin duhu kwana da kwanaki don a sami gawar da za a yi wa sutura. Jihar da ke da Zobe da Jibiya da Ajiwa da Mairuwa da Sabke ta cancanci ƙwararrun masu nutso na ceto, da kayan aikinsu, a cikin ma'aikatan kwana-kwana. Daga ina za a samo su in ba a fara da yaran da suka iya iyo tun suna sakandare ba? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Amsa ga masu kawo hanzari

Na farko zai ce babu kuɗi. To, ya dubi ƙasar Bangaladash. A can, tun wajen 2006, ana kafa dandamalin gora a cikin tafkin ƙauye, a kewaye shi yadda yaro ba zai zurma ba, a horar da samarin garin su zama malamai. Yaro ba ya cin jarrabawa sai ya yi iyon mita 25, ya kuma tsaya kan ruwa na daƙiƙa 30. Binciken da aka buga a 2012 ya nuna mutuwar ruwa ta ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari a tsakanin yaran da suka sami horon. Gora da igiya da malami, iyakar kayan aikin ke nan. Jarkar lita ashirin da babu kome ciki, in an toshe bakinta, tana iya riƙe kan babban mutum a saman ruwa. Kuɗin motar alfarma ɗaya daga cikin jerin gwanon mai mulki zai horar da yaran ƙaramar hukuma guda.

Na biyu zai ce babu tsaro. Wannan hanzari yana da nauyi, ba kuwa za mu raina shi ba. Mutanen Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari sun binne mutum talatin a watan Fabrairu 2020, kuma kowa ya tuna daren 11 ga Disamba na shekarar nan, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara. Saboda haka babu mai hankalin da zai ce a kwantar da yara a tanti a gefen dajin Rugu. A yi sansanin na yini, a cikin gari, yara su kwana gaban iyayensu ko cikin makarantar da ke da katanga da tsaro. Amma in aka ce sai daji ya lafa sa'an nan za a koya wa yaro abin da zai ceci ransa, to, an miƙa wa ɓarayi ikon tsara manhajar karatunmu. Ruwa bai san ana rikici ba, kuma ba zai jira a yi sulhu ba.

Na uku zai ce ƙaddara ce, ko kuwa ya ce tafkin nan yana da masu shi, sai ya ci mutum kowace shekara. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba mu ga wanda ya ƙi rufe ƙofarsa da dare don ya dogara da ita ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya umurci a koya wa yara iyo tare da harbi da hawan doki, shi kuwa a ƙasar hamada ya zauna. Masu tafkin da ake faɗa kuwa mun san sunayensu: gefe mai santsi da ke zurmawa gaba ɗaya, laka mai riƙe ƙafa, da firgita.

Na huɗu zai ce ban da mata. A tambaye shi, su wa ke zuwa itace da wanki da ɗiban ruwa? Yawancin yaran da Shagari ta binne 'yammata ne. A kewaye wuri da zana, a sa malamai mata, a ba su sutura cikakkiya, ranarsu dabam. Kunya ba ta taɓa tsamo kowa daga ruwa ba.

Abin da muke nema

Muna kira ga gwamnatin jihar Katsina da ƙananan hukumomin Batsari da Safana da Dutsin-Ma su kafa sansanin ilmin ruwa na mako biyu a kowane dogon hutu, don 'yan shekara 12 zuwa 18, kyauta, kuma a fara da 'ya'yan ƙauyukan da ke bakin ruwa da na waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Tsarin tara matasa a sansani ba sabon abu ba ne gare mu, ga na 'yan hidimar ƙasa tun 1973, ga kuma Cibiyar Horar da Shugabanci ta Man O' War mai makarantar teku a Apapa.

A koyar da iyo a cikin kwarmin siminti mai tsabtataccen ruwa, ko a wurin da aka bincika aka tabbata babu katantanwar tsargiya, kada a je neman gira a rasa ido. A koya wa kowane yaro cewa mai nutsewa ba ya cika iya ihu, cewa a miƙa masa sanda ko a jefa masa jarka da igiya ya fi a faɗa a rungume shi a mutu tare, da kuma cewa wanda aka tsamo ba ya numfashi, hura masa iska da danna ƙirjinsa ake yi nan take, domin ƙwaƙwalwa ba ta jure fiye da 'yan mintoci ba tare da iska ba. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana da sashen nazarin kifi, ga ta ga Zobe. Ta ba da madubin likita da malamai. A ɗauko Sarkin Ruwa da masunta a biya su albashin malami, gama sun san ruwan nan fiye da mai digiri. Kowace shekara a zaɓi goma da suka fi ƙwazo a kai su Sabuwar Busa da Ikko su ga teku, waɗanda suka kai shekara 18 kuma a horar da su nutson ceto. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa da sarakunanmu su tsaya a kan cewa babu jirgin da zai tashi ya wuce ƙima ko babu rigar ruwa ga kowane fasinja, kowane ɗan kwangila kuma ya cike raminsa kafin a biya shi ragowar kuɗinsa.

Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai, da ku samarin ma'aikata da takardun kasafi ke ratsa teburanku, wannan aiki naku ne. Ƙungiyoyin ɗaliban Batsari da Safana su sa shi cikin ajandar taronsu na gaba, su rubuta wa shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisa, su kai gaisuwa fadar Sarkin Ruma da ta Yariman Katsina da wannan buƙata a rubuce. Kowa ya koma gida hutu ya ɗauki littafi ya bi masu unguwanni ya rubuta yawan yaran da ruwa ya ci a garinsu cikin shekara biyar, da wurin, da watan, domin mahukunta ba sa jin kuka sai sun ga lissafi. Ba a fafe gora ran tafiya. Damina mai zuwa tana nan tafe, ramukan kuma suna nan inda aka bar su.